REVERSE a cikin SQL: wasan yara ne ko yana da amfani a wurin aiki?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da matsalar da nake so manya su duba min. Ni ke kula da rumbun bayanan wata ƙungiyar manoma, da MySQL 8 muke aiki, wato injin ajiye bayanai da ake ba wa umarni da harshen SQL, teburin rajista ya doshi layi miliyan 2. Lokacin rabon taki manomi zai zo gaban wakili ba kati a hannunsa, suna kuma kun san halinsa, Musa nawa ne a ƙaramar hukuma ɗaya? Sai wakili ya ce masa, faɗi ƙarshen lambar wayarka. Ga abin da na rubuta:

`SELECT suna, lambar_waya FROM manoma WHERE lambar_waya LIKE '%4471';`

Akwai fihirisa (index, wato jerin da ke sa bincike ya yi sauri) a kan lambar_waya, amma kamar babu. Da wakilai sun yi yawa a lokaci guda sai saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, ta durƙushe, mutane na tsaye a rana suna jira. Wani abokin aiki ya ce in gwada REVERSE. Ni dai a sanina aikin REVERSE shi ne ka ba shi 'Kano' ya dawo maka da 'onaK', tambayar intabiyu ce kawai. Me ya haɗa shi da saurin bincike?

Auta:
Wa alaikumus salam. Ni ma iyakar sanina ke nan, Yaya. A makaranta an ce mu nemo kalmomin da ko ta ina ka karanta su ɗaya ne, muka sa `WHERE kalma = REVERSE(kalma)` ya fito mana da uku da aka da ana. Daga nan ban sake taɓa shi ba.

Gwaggon Data:
Ɗan Fagge, abokin aikin nan naka ya san abin da yake faɗa. Ka ɗauki ƙamus. In na ce ka nemo kalmomin da suka fara da "mak", shafi biyu ko uku za ka buɗe ka gama, domin da harafin farko aka jera su. In kuwa na ce nemo min duk waɗanda suka ƙare da "nci", sai ka karance littafin daga bango zuwa bango. Fihirisarka haka take, daga hagu aka jera ta. Da ka sa alamar % a gaba ka ce wa injin ba ka san farkon ba, to ba shi da inda zai kama, dole ya bi layi miliyan 2 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Sa EXPLAIN, mai nuna hanyar da injin zai bi, a gaban umarnin naka ka duba, ba za ka ga range, wato duba ɗan yanki kawai na fihirisa, a ƙarƙashin type ba.

Dabarar ita ce ka ajiye lambar a juye, ka yi wa juyayyiyar fihirisa, wutsiya ta koma kai. A PostgreSQL, wani injin rumbun bayanai daban da nake aiki da shi, wanda ya samu reverse tun fitowa ta 9.1 a 2011, haka nake yi:

`CREATE INDEX idx_waya_baya ON manoma (reverse(lambar_waya) text_pattern_ops);`
`SELECT suna, lambar_waya FROM manoma WHERE reverse(lambar_waya) LIKE reverse('%4471');`

Wancan na dama zai zama '1744%' tun kafin a fara bincike, ka ga % ta koma baya inda ba ta cutar da kowa. Kada a manta da text_pattern_ops in ba a kan tsarin harshe na C aka kafa rumbun ba, in an manta LIKE ba zai kalli fihirisar ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara basira, Gwaggo. Na ga MySQL ma tun 8.0.13 yana yarda a yi fihirisa a kan lissafi irin wannan. Bari in kwafa.

Injiniya Na Zariya:
Dakata tukuna, ƙanena. Maganar Hajiya Gwaggon Data daidai ce a gidanta, amma MySQL ba PostgreSQL ba ne. Zai karɓi fihirisar ba musu, sai dai in ka rubuta REVERSE(lambar_waya) a cikin WHERE, yana musanya shi da fihirisar ne kawai in alamar da ke tsakani =, <, >, <=, >=, BETWEEN ko IN ce. LIKE ba ya cikin jerin. Za ka gina fihirisa, ta ci maka wuri, bincike kuma yana nan yadda yake, ka dawo ka ce Hajiya ta yaudare ka.

Yi ginshiƙi mai suna, ka kira shi da sunansa:

`ALTER TABLE manoma ADD COLUMN waya_baya VARCHAR(20) AS (REVERSE(lambar_waya)) VIRTUAL;`
`CREATE INDEX idx_waya_baya ON manoma (waya_baya);`
`SELECT suna, lambar_waya FROM manoma WHERE waya_baya LIKE CONCAT(REVERSE('4471'), '%');`

Na zaɓi VIRTUAL da gangan, wato ginshiƙin da ake lissafawa ba tare da an ajiye shi a teburin ba. In ka sa STORED, wanda ake ajiyewa a teburin, sai an sake gina teburin gaba ɗaya, kuma ba a tsakiyar rabon taki ake irin wannan aikin ba. InnoDB, ɓangaren MySQL da ke ajiye tebura, yana yarda a yi wa ginshiƙin VIRTUAL fihirisa tun 5.7. Kuma duk lokacin da aka gyara lambar mutum, juyayyiyar za ta gyaru da kanta, ba ruwanka da rubuta wani abu a PHP.

Gwaggon Data:
Injiniya ya yi gaskiya, a bi nasa.

Baba Oracle:
Yara, ina ta karanta ku. Duk abin da kuka faɗa zai yi aiki, amma ni ban yarda da hanyar ba. Ciwon yana wani wuri, kuna shafa magani a wani wuri. Ɗan Fagge, buɗe teburin nan ka faɗa min gaskiya, lambobin iri ɗaya aka shigar da su? Na rantse akwai mai farawa da 0803, akwai +234803, akwai 234 ba alamar tarawa, akwai wanda aka raba da sarari ko ɗan layi. Wanda bai tsaftace bayanansa ba, ya zo yana ɗora dabara a kan datti, gobe wata matsalar zai kawo mana. A mai da kowace lamba tsarin E.164, lambar ƙasa a gaba, duka kada ta wuce lamba 15, a ba kowane manomi lambar rajista a kati, a nemo shi da alamar =. Shi ke nan. Mu da muka yi aiki a kan manyan rumbuna ba mu san neman mutum da wutsiyar lamba ba.

Ɗan Fagge:
Ranka ya daɗe, kamar kana kallon allona. Duk irin da ka lissafa akwai su. Kati kuma mun raba, amma rabinsu a gida suke barin shi, wani ya ce ruwa ya jiƙa shi, wani yana hannun ɗansa. Ba za a ce dattijo ya koma ƙauye ya ɗauko kati ba.

Gwaggon Data:
Baba, da girmanka, hujjar da ka kawo tawa ce ba taka ba. Dubi irin dattin da ka lissafa: 0803, +234803, 234803. Duk a ina suka sha bamban? A kai. Lamba goma na ƙarshe ba sa canjawa ko wane wakili ne ya shigar. Wato a teburin da aka cika da hannun mutane daban-daban, wutsiyar ce kaɗai abin dogaro. Ko an tsaftace ɗin ma, manomi ba zai karanto maka lamba 11 a tsaye cikin hayaniya ba tare da an yi kuskure ba, ƙarshen zai faɗa. Tsaftacewa ba ta kawar da buƙatar, tana dai sa amsar ta fi inganci.

Baba Oracle:
To in ƙarshen ake so, me ya kawo juyi? A yi ginshiƙi da RIGHT(lambar_waya, 4), a sa masa fihirisa, a nema da =. Duk wanda ya gaji aikin nan bayan shekara biyar zai gane shi da kallo ɗaya. Amma ya buɗe tebur ya ga lambobi a birkice, sai ya zaci aljanu ne suka shiga.

Injiniya Na Zariya:
Baba, mu yi lissafi. Lamba huɗu na iya zama iri 10,000 ne kacal, daga 0000 zuwa 9999. Raba miliyan 2 da 10,000, kowane ƙarshe mutum wajen 200 ne ke da shi. Wakili zai ga suna 200 a ƙaramar waya, ya fara gungurawa. In ya nemi lamba biyar su koma wajen 20, in shida wajen 2. Da RIGHT ɗinka ka ɗaure kanka a kan huɗu, ranar da aka so shida sai an gina wani ginshiƙin da wata fihirisar. Juyayyen ginshiƙi ɗaya kuwa ya ɗauke huɗu da biyar da shida da goma duka, kuma yawan lambar da aka bayar, ƙanƙantar yankin da injin zai duba. Batun mai gado kuma, COMMENT aka yi dominsa, a rubuta dalili a jikin ginshiƙin.

Baba Oracle:
Lissafin ya zauna, ban musa ba. Amma ina nan a kan bakana game da datti. Ku da kuke cewa wutsiya ba ta canjawa, wakilin da ya danna sarari bayan lamba fa? Ko wanda ya cusa lamba biyu a gida ɗaya, ya raba su da sanda (/), ko ya ƙara "na ɗansa" a ƙarshe? Juya wannan ku gani, abin da zai zo farko ba lamba ba ne, manomin ya ɓace daga bincike alhali yana cikin rajista. Gara jinkiri da a ce wa mutum ba sunansa.

Gwaggon Data:
Wannan kam ka kama mu, Baba. Ɗan Fagge, a cikin ma'anar ginshiƙin ka fara tace lambar kafin ka juya, MySQL 8 na da REGEXP_REPLACE:

`REVERSE(REGEXP_REPLACE(lambar_waya, '[^0-9]', ''))`

Zai kwashe sarari da alamar tarawa da haruffa. Ka faɗaɗa VARCHAR ɗin ya kai faɗin ginshiƙin asali saboda masu dogon rubutu. Abin da ba zai warware ba shi ne lamba biyu a gida ɗaya, ta biyun kaɗai za a riƙa samu. Waɗannan sai an ware musu tebur nasu, kowace lamba da layinta.

Masu SQL Server kuma su kula da wani tarkon mai kama da wannan. In ginshiƙin CHAR(15) ne ba VARCHAR ba, injin na cike ragowar da sarari, in ka juya sai sararin ya dawo gaba. Ga shi LEN ba ya ƙirga sararin ƙarshe, sai ka duba tsawo ka ga 11 ka ce lafiya lau. A sa RTRIM kafin REVERSE.

Auta:
Tambaya, don Allah. In na ajiye lambar a matsayin BIGINT, wato adadi zalla ba rubutu ba, ba zai fi sauri ba?

Injiniya Na Zariya:
A'a Auta, lambar waya ba a tara ta ba a ɗebe ta, rubutu ce. Da ka mai da ita BIGINT sifirin gaba ya tafi. In kuma ka juya ka mayar lamba, sifirin baya ne zai tafi: REVERSE(1200) zai ba ka '0021', ka mai da shi lamba ya zama 21, ka sake juyawa ka samu 12. Ina 1200 ɗinka?

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Mu nan Nijar lambobinmu 8 ne bayan +227, to dabarar wutsiya na yi mana daidai, musamman 'yan kasuwar da ke da layin Najeriya da na Nijar a tebur guda. Amma ni inda REVERSE ya fi yi min amfani shi ne ciro sunan fayil daga doguwar hanya a SQL Server, tunda CHARINDEX daga hagu kawai yake nema:

`RIGHT(hanya, CHARINDEX('\', REVERSE(hanya)) - 1)`

Ka juya, ka nemo sandar farko, wadda ita ce ta ƙarshe a asali, ka yanko daga dama. Sai dai in aka samu layi ɗaya tak da ba sanda a cikinsa, CHARINDEX ya ba da 0, ka ɗebe 1 ya zama -1, RIGHT ya ƙi karɓa, umarnin gaba ɗaya ya faɗi saboda layi guda. Maganinsa ka liƙa sanda a gaba da kanka, REVERSE('\' + hanya), ko babu sai ya samu taka.

Gwaggon Data:
A SQL Server wannan dole ce ta sa. Sauran ba sa buƙatar wannan zagaye. MySQL na da SUBSTRING_INDEX(hanya, '/', -1). PostgreSQL tun 14, wato 2021, split_part na karɓar -1 ya ƙirgo daga baya. Ina ganin mutane na rubuta REVERSE uku a cikin juna a inda layi ɗaya ya isa, don kawai daga amsar wani injin suka kwafo.

Baba Oracle:
Mu ma INSTR(hanya, '/', -1) ya ishe mu, daga dama yake fara nema. Kuma tunda an zo gidana bari in ja kunne. A Oracle in ka rubuta REVERSE zai yi aiki, amma ba ya cikin takardun da kamfanin ya wallafa, wato in ya karye maka ba wanda za ka kai wa ƙara. Sannan bayit, wato ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke ajiye harafi da su, yake juyawa, ba harafi ba. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99. Juya su ka samu 99 da C6, wanda ba harafin kowa ba ne. Haka ɗ da ɓ. Sunan gari irin Ɗanbatta ko Ƙaraye in ya bi ta nan ba zai fito da kamanninsa ba.

Kada kuma a rikita shi da kalmar REVERSE da muke sawa a ƙarshen CREATE INDEX, wadda ke nan tun zamanin Oracle 8. Waccan don wata cuta aka yi ta daban. In lambobin rajista na hawa a jere, 1001, 1002, 1003, kowane sabon layi gefe ɗaya na fihirisa yake faɗawa, masu rubutu su yi cunkoso a wuri guda. Sai a juya bayit ɗin don su warwatsu. Farashinsa shi ne ka rasa binciken daga kaza zuwa kaza. Wannan ba zai taimaki Ɗan Fagge da komai ba.

Ɗan Maraɗi:
Baba ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu da ƴ muke rubutawa, ku kuna rubuta 'y. Namu harafi ɗaya ne, ya juyu lafiya a injin da ya san Unicode. Naku biyu ne, 'ya'ya zai koma ay'ay', ɗigon ya rabu da y ɗinsa ya koma bayanta. Haka sh da ts, tsari ya zama irast. Don bincike ba komai, tunda abin da ake nema ma juya shi za a yi. Amma kada a nuna wa mutum juyayyen rubutu a ce Hausa ce a karanta ta baya.

A SQL Server kuma wanda ya rubuta REVERSE('ƙasa') ba N a gaba, ya ga alamar tambaya a madadin ƙ, kada ya zagi REVERSE. Tun kafin a juya harafin ya mutu, domin VARCHAR mai tsarin Latin1 bai san shi ba. N'ƙasa' da NVARCHAR ake so, ko tsarin UTF-8 da ya zo a 2019.

Gwaggon Data:
Bari in ba ku wanda zai ba ku dariya. A PostgreSQL ko MySQL mai utf8mb4 ku gwada wannan:

`SELECT REVERSE('🇳🇬');`

Tutar Najeriya a ido abu ɗaya ce, amma a ciki alamomi biyu ne, N da G. Juya su ka samu G da N, GN kuwa Gini ce. Kore fari kore ya shiga, ja da rawaya da kore ya fito. Ta su Ɗan Maraɗi NE ce, ta koma EN, wadda ba tutar kowace ƙasa ba ce.

Darasin da ke ciki ya wuce dariya. MySQL da PostgreSQL ba sa fasa harafi gida biyu kamar yadda Baba ya kwatanta, amma abin da suke ƙirgawa lambar Unicode ce ɗaya ɗaya, ba abin da ido ke gani a matsayin harafi ba. Masu aikin ƙamus da ke sa alamar karin sauti a kan wasali, in an shigar da alamar daban tana bin harafinta a baya, juyi zai ɗora ta a kan maƙwabci. SQL Server ma in tsarin jerinsa ba mai _SC ba ne, irin wanda ya zo a 2012, yana iya raba emoji ɗaya biyu ya juya rabi da rabi, ka ga akwatuna.

Auta:
To ni wannan ya zo min daidai. Akwai wata makarantar Islamiyya da nake yi wa manhajar rasit, suna so sunan ɗalibi ya fito da ajami. A allo lafiya, amma ƙaramar firinta na fitar da shi daga hagu, haruffa a rarrabe. Na yi niyyar in sa REVERSE kafin in tura.

Injiniya Na Zariya:
Kul, Auta. Ajami a cikin rumbu a jere yake yadda ake furta shi, harafin farko shi ne na farko. Mai nunawa ne ke da alhakin jera shi daga dama da haɗa haruffa, firintarka ce ba ta iya ba. In ka juya, wasalin sama da na ƙasa da rufu'a da ɗauri duk alamomi ne masu bin harafinsu, kowanne zai koma kan wani harafin, sunan ya canja karatu. Lambobin da ke cikin layin ma su birkice, 250 ta zama 052 a rasit. Haruffan kuma ba za su haɗu ba duk da haka. Zana rubutun ya zama hoto a cikin manhajar, ka tura wa firinta hoton, yawancin irin waɗannan firintocin na karɓar hoto.

Mai Shago:
Ni ɗan kallo ne a nan, amma wanda ya yi min manhajar shago ya ce ya ɓoye kalmomin sirri da lambobin BVN na ma'aikata ta hanyar juya su. Ashe wannan ne?

Gwaggon Data:
Innalillahi. Alhaji, wannan ba ɓoyewa ba ce, duk wanda ya buɗe teburin ya iya karatu ya gama da ku. Kalmar sirri ba a ajiye ta ta yadda za a iya dawo da ita, bcrypt ko Argon2 ake bi da ita. BVN kuma in ba dole kada ma a ajiye, in dole ne a rufe ta da mabuɗi na gaske. Ga dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana kanku, ba a kan mai manhajar kaɗai ba. Ka kira shi yau.

Baba Oracle:
A nan dai ni da Hajiya bakinmu ɗaya.

Auta:
Manhajar waya fa? Na gwada a SQLite ya ce bai san reverse ba.

Injiniya Na Zariya:
Bai zo da shi ba. Juya a cikin manhajar ka ajiye a ginshiƙi na biyu, ya fi sauƙi a kan WITH RECURSIVE da ake ta yawo da shi.

Ɗan Fagge:
Na dawo, jama'a. Da daddare bayan wakilai sun tashi na ƙara ginshiƙin da tacewar Gwaggo, na gina fihirisa. EXPLAIN yanzu range yake nunawa, key kuma idx_waya_baya. Na sa manhajar ta ƙi karɓar ƙasa da lamba biyar, kuma lambobi zalla take karɓa don kada wani ya tura % ya jawo tebur duka. Yau da safe ba wanda ya kira ni.

Baba, na kuma ƙirga masu dogon rubutu a gidan lamba, suna da ɗan dama, yawanci lamba biyu ce a haɗe. Na fitar da jerinsu na ba shugabannin wakilai, wanda aka nema ba a gani ba a duba can kafin a ce masa ba ya ciki. Teburin lambobi daban sai bayan an gama rabo.

Baba Oracle:
Madalla. In ka zo yin teburin ka sa sharaɗi a bakin shiga, lambar da ba ta cika ba kada ta wuce. Ka turo min tsarin in duba kafin ka taɓa na gaske.